Maho a Idon Mai Filasta

Watan jiya na leƙa tsohon sashenmu na ido don a canza min gilashin karatu, sai na tarar da wata yarinya cikin sababbin ma'aikatan jinya tana shirya kayan tiyata. Ta ɗauko wata 'yar leda a rufe ta nuna min, ta ce, "Mama, kin ga tantanin nan da ake cewa kun sha wahala a kansa? Yanzu busasshe yake zuwa. A yage leda, a jiƙa, a miƙa wa likita. Ni dai ban ga abin wuya ba."

Na ce, "Allah Ya yi miki albarka. Daga jikin wa ya fito?"

Ta riƙa juya ledar gaba da baya tana neman amsa a cikin rubutun. Ban yi mata faɗa ba, don ba laifinta ba ne, amma har na hau keke abin yana cina. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, saboda ita da sauran 'yan'uwanta.

Sunana Uwani. Na fi shekara ashirin a ɗakin tiyatar ido a nan Bauchi, kuma rabin shekarun nan ni ce mai haɗa tantani. Ga wanda bai sani ba, jariri a cikin uwarsa yana kwance ne a jakar ruwa, wadda in ta fashe mata ke cewa faya ta fashe. Bangon jakar nan na ciki tantani ne siriri, a manne da mabiyiya. Shi muke ɓarewa mu wanke, likita ya shimfiɗa a kan idon da ya ƙone ko ya yi gyambo ya ƙi warkewa, ya ɗinke. Ba ya mayar wa makaho gani, kada wani ya yi muku ƙarya. Aikinsa ya rufe ciwon, ya kwantar da zafi, ya hana fatar ido mannewa da ƙwayar, har naman mai idon ya tsiro a ƙarƙashinsa. Bayan mako biyu ko makamancin haka sai ya narke. Maho ne kawai, irin wanda ake yi wa riga.

Wadda ta koya min aikin ita ce Sista Rifkatu, mutuniyar kudancin jihar nan, wadda kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji. Wata uku cur ba ta bar ni na taɓa mabiyiya ba. Kullum da safe sai ta zo da dafaffen ƙwai daga gida, ta sa ni in saka safar hannu in jiƙa ta, in ɓare ɓawon, in ciro tantanin cikinsa ba tare da ya yage ba. In ya yage ta cinye ƙwan, in bai yage ba ni na ci. Na daɗe ban ɗanɗana ƙwai ba a asibitin nan.

"Kai Uwani," in ji ta, da ƙwai a bakinta, "hannunka yana sauri kamar mai tsinke zogale. Wannan abu ba ya son gaggawa."

Kayan aikin ba su da yawa: kwanukan silba guda uku, hantsaki marar haƙori, ƙaramin almakashi, ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa da aka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, farar takarda ta musamman da ake shimfiɗa tantanin a kai, sai ƙananan kwalabe da firiza. Amma babban kayan aikin yatsa ne. Da shi za ki lallaɓa tsakanin tantanin da wanda ke bayansa, kina turawa a hankali har ya rabu. Sannan wanki, daga kwano zuwa kwano, kina murza gudajin jini da bakin yatsa har ya yi fes, ki ɗaga shi ki hango agogon bango ta cikinsa. Yana da fuska biyu, ɗaya mai santsi, ɗaya mai yauƙi, kuma ido ba ya bambance su. Sai kin taɓa da tsinken auduga kin ɗaga. In wani zare ya biyo ki, to wannan ce mai yauƙin. Ranar da na fara juya wa likita fuskar a baibai, Sista Rifkatu ba ta yi min faɗa ba. Washegari dai na ga ƙwai biyu a kan tebur.

Ba kowace mabiyiya ake ɗauka ba. Sai ta matar da aka tsara za a yi wa aiki a ciro jariri, don wadda ta bi hanyar haihuwa ta riga ta ɗauki ƙazanta. Sai an gwada jinin uwar, ba ƙanjamau, ba ciwon hanta, ba tunjere. Sai kuma ta yarda da bakinta, ta sa hannu. Bayan haka a ajiye a firiza, a sake gwada ta bayan watanni, sannan a yi amfani da shi. Ƙa'idar ke nan, kuma ita muke bi, har shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone.

Ta ƙone ne a tsakiyar bazara, janaretan asibiti ya yi ta fama shi kaɗai har shi ma ya tsaya. Kwana huɗu ba wuta. Na yi ta zirga-zirga da ƙanƙara a kula daga masu sayar da ruwan sanyi, amma ƙanƙarar kasuwa ba ta kai sanyin da ake buƙata. Da aka gyara na buɗe firizar, na zauna a ƙasa a gabanta. Aikin shekara guda, kyautar mata da yawa waɗanda na roƙa ɗaya bayan ɗaya, duk ya tashi a banza. Ba ko ɗaya da zan yarda a sa a idon ɗan wani. Firiza ta dawo aiki tana ta ƙugi, ba komai a cikinta.

Bai fi kwana goma da wannan ba aka kawo Malam Bappa, ranar wata Litinin da azahar. Mai filasta ne, gidansa can wajen Gubi, yana aiki a wani sabon gini a Gwallameji. Ana miƙa masa buhun siminti a sama sai ya yage, ya juye masa a fuska. Ya ɗan wanke da ruwan da ke cikin durom, ya ɗaure da ƙyalle, ya ce bari ya ƙarasa bangon kada kwaɓin ya bushe. Ku ji fa. Siminti yana cin idonsa, shi kwaɓi yake tausayi. Na wanke idon nan da leda bayan leda na ruwan gishiri, na juya fatar sama na riƙa tsinto gudajin siminti da suka laɓe a ciki. Da na juya wajen na hagu in duba, sai ya ce, "Wannan kada ki wahala, Sista. Ƙyanda ta tafi da shi tun ina kiwo."

Ido ɗaya ke gare shi, da 'ya'ya shida, kuma wannan ɗayan baƙinsa ya yi fari-fari kamar an shafa masa koko. Likitanmu, mutum ne da ba ya yawan magana, ya duba ya daɗe, sannan ya ja ni gefe. Ya ce in ba a rufe idon da tantani cikin makon nan ba, fatar za ta manne da ƙwayar, kuma daga nan sai dai a ba shi sanda. Ya ce ba lokacin jiran gwaji na biyu, sai dai sabo. Ya zauna ya yi wa Malam Bappa bayanin haɗarin da ke cikin hakan ba ɓoye-ɓoye. Malam Bappa ya ce, "Likita, wanda ke cikin duhu ai ba ya zaɓen fitila. A yi."

Na nufi sashen haihuwa. Mata uku aka tsara wa aiki a makon. Ɗaya jininta bai yi ba, ɗaya ta haihu da kanta kafin ranar ta zo. Saura Zuwaira, daga Ƙofar Ran, wadda jaririnta ya kwanta a gicciye, za a yi mata aiki ranar Alhamis da hantsi. An gwada jininta sau biyu a wajen awo, muka ƙara na uku, duk lafiya lau. Ranar Laraba na zauna da ita da mijinta, malamin makaranta ne, na yi musu bayani. Ya fita ya tambayi malaminsu, ya dawo ya ce ba laifi, taimako ne. Suka sa hannu. Na koma sashenmu ina jin kaina, na ce wa likita an gama.

Ni da na tashi a cikin gari, ni da kakata ungozoma ce, na manta tambaya guda: wa zai wanke mabiyiyar ya binne? Takarda miji da mata ta sani. Amma a gidajenmu mabiyiya ba ta miji ba ce, ba ma ta mai jego ba ce. Ta tsohuwar da za ta karɓe ta ce, ta wanke, ta naɗe, ta sa a tona rami a bayan ɗaki.

Alhamis da safe na tarar da ita zaune a kan benci a ƙofar ɗakin tiyata, da sabuwar tukunyar ƙasa a cinya da farin ƙyalle a ninke. Goggo Dije ke nan, yayar mahaifin Zuwaira, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama. Labari ya riga ya kai mata. Zuwaira tana kan gadon turawa ta riƙo hannuna ta ce, "Sista, ki yi haƙuri. In Goggo ba ta yarda ba, ni ma na fasa."

Wata abokiyar aikina ta raɗa min cewa in bar tsohuwa da zamanta, in an ciro in ɓare abina a ciki, in miƙa mata sauran, ai ba za ta gane ba. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ɗan tsaya a kan maganar, don ina tuna mutumin da ke kwance da bandeji a can. Amma mai abu ta ce ta fasa, kuma na san irin hannun da ke riƙe da tukunyar nan. Na je na durƙusa a gabanta na gaishe ta.

Ta amsa a daƙile, ta ce, "Ke ce mai son yankar mabiyiyar jikana?"

"Ni ce, Goggo. Kuma laifina ne da ban fara zuwa wajenki ba."

"To, kin san da wannan. Na wanke mabiyiya ta fi a ƙirga a Ƙofar Ran, ban taɓa binne guntuwa ba. Duniyar nan ta lalace, 'yar nan. Ana haɗa abubuwa da ita, kin sani na sani. Me za ku yi da ita?"

Na faɗa mata komai: mutum ne mai ido ɗaya, siminti ya ƙone shi, ga abin da zai faru in an kai mako. Ta ce a kai ta ta gan shi. Na ce ƙa'ida ta hana mai bayarwa da mai karɓa su san juna, don kada wani ya rayu yana jin nauyin wani. Ta harare ni, ta ce ƙa'idarmu tana da yawa ga mutanen da suka zo roƙo. Na haɗiye, don gaskiya ta faɗa.

Sai ta ce, "Wane wuri za ki yanka?"

Na ce, "Naman ba zan taɓa ba, cibiya ba zan taɓa ba. Tantanin nan ne na sama, mai sheƙi, wanda ruwa ke ciki."

Ta ce, "Wanda wani yaron ke fitowa da shi a lulluɓe, a ce an haife shi da riga?"

"Shi fa, Goggo."

"To ai wannan ba uwar ba ce, riga ce." Ta gyara zaman tukunyar a cinyarta. "Rigar da yaro ya tuɓe ana iya sadaka da ita. Amma ki ji sharaɗina. A gabana za ki yi. Kuma na wannan bawan Allah kaɗai na bayar. Sauran ki maido min, ba za a ajiye min jika a firji kamar kifi ba."

Na san abin da nake asara, don tantanin mabiyiya ɗaya yana isar idanu da yawa, ga firizata a wofi. Amma na ce na yarda. Har na ƙara da cika baki, na ce yanki ɗaya tak zan ɗauka, faɗin tafin jariri, ya ishe ni.

An ciro jaririya mace, da kukanta da komai. Ɗakin da nake haɗa tantani yana da tagar gilashi, sai aka sa wa Goggo hula aka ajiye mata kujera a bayan tagar. Ban taɓa aiki a gaban mai duba irin wannan ba, har da Sista Rifkatu. Na ɓare, na wanke a kwano na farko, na biyu, na uku, idonta yana kan yatsuna. Na shimfiɗa a takarda, na yanki ɗaya, na ɗaga mata ta gani. Zan ajiye almakashi ke nan sai na ji ƙwanƙwasa a gilashi. Na ɗago. Goggo ta ɗaga min yatsu biyu.

Na ɗauka ban gane ba, na nuna mata ɗaya. Ta ɗaure fuska ta sake ɗaga biyu, har tana girgiza su. Na yanki na biyu na sa a kwalba. Sauran na naɗe tare da mabiyiyar a farin ƙyallenta. Likita ya shigo daidai lokacin, ya ga abin da ke shiga tukunya, ya ce, "Sista, idanun mutane nawa ke nan za a binne?" Na ce na yi alkawari. Kwana biyu bai yi min maganar da ta wuce ta aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na miƙa mata tukunyar na tambaye ta dalilin na biyun. Ta buɗe ƙyallen ta duba kayanta tsaf tukuna, sannan ta ce, "Ke ba kya ɗinki ne? In za ki yi wa tsohon zane maho, ai kya ajiye wani ƙyallen a gefe, don ba lalle na farko ya riƙe ba. Wankinki dai ya yi, ba laifi." Ta ɗauki tukunyarta ta tafi ganin jaririya.

Da la'asar ɗin ranar aka shiga da Malam Bappa. Likita ya shimfiɗa tantanin ya rufe idon gaba ɗaya har cikin lungunan fatar, ya bi shi da zaren da ya fi gashi siranta, ni ina ɗiga ruwa ina miƙa kaya. Washegari Malam Bappa ya ce rabonsa da barci tun Lahadi sai jiya, zafin ya sauka kamar an zare ƙaya. Na yi ta murna, ina cewa a raina da ma ɗayan ya isa.

A kwana na tara tantanin ya narke. Likita ya ɗiga maganin da ke nuna inda ciwo ya rage, sai ga tsakiyar baƙin idon a buɗe, faɗin ƙwayar wake, kuma gefensa ya fara laushi. Ƙunar siminti haka take, tana ci daga ƙasa. In aka bar shi zai huje. A makon kuwa ba wata mai jiran aiki a sashen haihuwa da jininta ya dace. Likita ya dube ni, na dube shi, na juya na tafi wajen firiza. Kwalba ɗaya ce a cikinta. Na ɗauko ta.

Na biyun ne ya riƙe. Cikin mako biyu naman ya haɗe, fatar ba ta manne ba. Ganin bai dawo kamar da ba, akwai ɗan hazo da ya zauna masa har yau, amma ya fara da ƙirga yatsuna, ya koma gane fuska, har ran nan ya ce min bangon ɗakinmu wanda ya yi filastarsa bai iya aiki ba, ga tudu ga kwari. A nan na san ya warke.

Bayan wata shida Goggo Dije ta rako Zuwaira gwajin ƙarshe, jini ya fito lafiya. Ta tambaye ni ko mahon ya kama. Na ce na biyun ne ya kama. Ta ce, "To," ta gyara goyon jaririyar a bayan uwarta. Na gode wa Allah da Ya haɗa ni da malamai biyu a wannan sana'a, ɗaya da takardar shaida, ɗaya ko sunanta ba ta iya rubutawa. Kuma daga ranar ban sake kai wa kowa takarda ba sai na tambaya wace ce za ta zo da tukunya.

Shi kuwa Malam Bappa, ranar da aka sallame shi ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi tafiya. Ya ce in faɗa masa gidan, ko da unguwar ce kawai, ya je ya durƙusa. Na ce ba dama. Ya ce to jaririn namiji ne ko mace? Na ce shi ma ba dama. Sai ya ce, "Ranar dai na sani, tunda ranar aka yi min aiki. Wannan ba za ki iya ɓoye min ba."

Ashe da gaske yake. Duk zuwan da zai yi a duba shi, sai ya ce, "Yaron nan yanzu ya fara zama ko?" Wani zuwan, "Yanzu kam an yaye shi." Shi da kansa ya yanke cewa namiji ne.

Bara na je duba wata ƙanwata a Gwallameji, ina tafe a gefen wani sabon gini sai na ji an ƙwala min kira daga sama. Na ɗaga kai, ga shi a kan katako da cokalin filasta a hannu, da tabaran kariya a fuska, wanda na yi ta masa faɗa a kansa.

"Sista! Yaron nan bana zai shiga firamare ko?"

Na ƙirga a raina, na ce, "Bana ne, Malam."

"Allah Ya ba shi ilimi mai amfani. In na idar da salla ina yi wa 'ya'yana addu'a ɗaya bayan ɗaya, shi ne na bakwai. Sunan ne kawai ba ni da shi, sai in ce, Ya Allah, da yaron nan."

Na ce amin. Ban gyara masa ba. Ubangijin da yake roƙo Ya san yarinyar da ake nufi.